Farin Bangon Magnie

Kullum da hantsi Osla kan ɗauki kwanon miyar dankali da busasshen naman tunkiya, ta haura gidan tsoho Magnie da ke can bakin gaɓa. Duk tsibirin nan ita kaɗai ke taka ƙofarsa.

Gidan nan kuwa rayukan masunta na rataye da shi. In za su shigo daga teku, sai su saita farin bangonsa da tsibin duwatsun da kakanni suka jera a kan tudu. In biyun suka hau layi ɗaya, jirgi ya ratsa tsakanin duwatsun ruwa lafiya lau. Shi ya sa duk wanda ya gaji gidan, ya gaji shafe shi da farar ƙasa kowace bazara.

To, shekarar da ciwon ƙafa ya kwantar da Magnie, bai shafa ba. A shekarar ce jirgin Lowrie, mijin Osla, ya daki dutse da rana tsaka cikin yayyafi, ya tafi da shi da ƙannensa biyu. Tun daga nan, daga ƙauyen coci har na mashigin jirage, ba wanda ya ƙara gaida tsohon.

"Ke dai Osla, haƙurinki ya yi yawa," in ji maƙwabciyarta Baabie. "Da ni ce, ko ruwan wanke kwano ba zai samu ba. Kin manta hannuwanki ranar makoki? Duk sun sassale, tsabar tonon ƙasa don baƙin ciki!"

Osla ta ɗauki kwanonta. Ta wuce ta gefen garken tumakinta kai a sunkuye, ko kallon tudu ba ta yi ba.

Ranar nan ta iske Magnie yana numfashi sama-sama. Ya lalubo hannunta ya riƙe.

"'Yata, ni na kashe miki miji. Ki ce kin yafe, ko na tafi da sauƙi."

Magana ta taso mata har maƙogwaro. Wayyo, sai tsoro da kunya suka danne ta kamar kullum.

"Na yafe, Baba."

Ya yi murmushi. Kafin miyar ta huce ya cika.

Ta fito tana kuka, ta ɗaga ido ta dubi tsibin duwatsun nan, wanda ta rushe da safiyar ranar hatsarin ta kwashi duwatsun don toshe katangar garken tumakinta da iska ta fasa, bayan hatsarin kuma ta mayar da shi da hannunta, dutse bayan dutse, kafin kowa ya lura.