Hoton da Baba Ya Ƙi Cirewa

Ina 'yar shekara bakwai, wata rana bayan la'asar, Baffa Sule, yayan mahaifina, ya shigo shagon Baba a Kazaure. Lokacin kamfanin jiragen saman da Baba ya yi wa kanikanci a Kano ya rushe, Baba ya dawo gida yana gyaran babura.

A bangon shagon akwai wata tsohuwar takarda mai hotunan jirgi iri ɗaya, mai faɗin ciki da inji biyu, amma kowace ƙasa da irin fentinta: Masar, Pakistan, Koriya, Sudan. Namu, na kamfanin su Baba, yana can ƙasan takardar.

Baffa ya ce, "Idi, cire takardar nan. Dariya ake yi maka a majalisa, wai mai gyaran jirgi ya koma facin taya."

Baba bai ɗago ba sai da ya gama ɗaure notin da ke hannunsa. Ya goge baƙin mai da tsumma, ya ɗaga ni sama, ya ɗora yatsana a kan injin hagu na jirginmu.

"Yaya, ka yi haƙuri, ba zan cire ba. Wannan injin ni na kwance shi na mayar, ya kai alhazai Jidda ya dawo da su lafiya. Kamfani ne ya mutu, hannuna yana nan."

Baffa ya fita ba sallama.

Har yau duk wanda ya tambaye ni sana'ar mahaifina, kanikan jirgin sama nake cewa. In na ga mutum ya fara murmushi, sai in kafe shi da ido har ya daina.