Alƙiblar Can

Shekara uku ba ruwan sama, rijiyar bayan garin Kunci ta ƙafe, sai ga ƙofa ta buɗe a gindinta zuwa wata duniya. Ɗan Iya ne madugun masu ƙetarawa. Da la'asar ya iske Larai a bakin rijiyar.

"Gobe ƙofar za ta rufe," in ji shi. "A ɗaura mana aure yau, mu tafi. Can gero ya fi mutum tsawo, rana har uku ke fitowa a sama."

Ta dube shi. Tun da ya fara zuwa can idanunsa suka daina ƙiftawa.

"To ina kuke fuskanta in za ku yi sallah?"

Ya sunkuyar da kai.

"Kai ka ƙetarar da Innata, kai ka kawo mini labarin rasuwarta. Ina kuka juya fuskarta a kabari?"

Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya taso daga rijiyar. Ya miƙo mata hannu, ta ja da baya.

"Larai, ƙasar can ba ta riƙe gawa," ya ce a hankali. "Inna ce ta ce in zo da ke."