Inuwar Tabarma Ɗaya

Ran da aka sare ceɗiyar bakin layi don a faɗaɗa titi, tsofaffi biyar ne ke zama a gindinta. Huɗu suka naɗe tabarmi suka koma gidajensu, kamar masu hankali. Na biyar, Tsohon Direba, ya miƙe gaban masu zarto ya rantse: ba zai bar zaman wurin nan ba sai ran da aka nuna masa bishiyar da inuwarta za ta rufe tabarmarsa kaf. Layi duka ya ji. Baki shi ke yanka wuya.

Ina bishiyar take? Darbejiyoyin bakin makaranta sun tafi tun zuwan wayar lantarki. Tsamiyar bayan kanti ta zama gawayi. Layin ya koma fili fetal, kamar kan da aka aske.

Kullum da hantsi sai tsoho ya shimfiɗa tabarma inda inuwa ta saba faɗuwa. In rana ta take, ya ja ta kusa da kututture. Da la'asar ya matsa gabas, yana bin inuwar da babu ita. Cikin mako biyu ya koma kamar gindin tukunya. A na uku ya faɗi sumamme. Likita ya ce in ya sake faɗuwa, to a fara sanar da dangi.

Ɗan tsohon mai gyaran rediyo ne, irin mutanen da in suka kwance fitila sai su ga kamar su suka ƙera wata. Ya roƙi uban ya bar zaman ranar nan, uban ya juya masa ƙeya. Sai ya samo dashen darbejiya, tsawon taƙi guda, ya dasa a tsakar gida. Da ruwa da haƙuri bishiya ke girma, kowace tsohuwa ta san wannan. Shi kuwa ya ce babu lokacin jira. Ya haɗa toka da busasshen ganyen shayi da ruwan tsohon batir, ya sa wa haɗin suna Ƙarfi. Kowace safiya ya zuba kofi guda, ya ajiye wa dashen rediyo yana karanta masa labaran duniya, sannan ya tafi shago sai magariba.

Zuwa Laraba ganye ya yi laushi ya sunkuya. Mai Rediyo ya ninka awo. Ran Alhamis da ya dawo, ya tarar da dashe ya miƙe, kore shar, har ya ƙara taƙi guda. Ya kira matarsa ta gani. Ta ce ita tana ɗaki wuni guda, ba ta ga komai ba. Ba wanda ya tambaye ta.

Haka abin ya ɗore. Laraba jinya, Alhamis tashi. Mako huɗu darbejiya ta kai gwiwa, mako shida ta kai ƙugu. Ƙasar gindinta kullum a tone take, da laushi. Mai Rediyo ya ce saiwa ce ke motsa jiki.

Labari ya bazu. Mahauci ya dasa mangwaro, malamin makaranta ya dasa gwaiba, mai wanki ya dasa lemo, duk suka zo da gwangwanaye neman Ƙarfi. Kwana biyar, duk dashensu ya bushe ƙarau. Mai Rediyo ya bi gida-gida yana bincike, ya gano kuskuren: waƙa suka kunna wa bishiyoyin maimakon labarai. Suka sake dasawa, suka kunna labarai, suka sake bushewa. Ya ce tashar ce ba daidai ba.

Tsoho dai yana bakin titi yana gasuwa. Ranar hutunsa ɗaya ce, Alhamis, ranar ganin likita. Yakan tafi da safe shi kaɗai, don ya ce shi ba jariri ba ne da za a raka. Yakan dawo ba ƙwaya ba allura, takalmansa duk taɓo. Ko kallon darbejiyar ba ya yi. In ɗan ya ja shi ya gani, sai ya taɓe baki.

"Wannan tsinken? Ko ƙafar kaza ba zai rufe ba."

A mako na goma sha ɗaya bishiya ta wuce kan mutum, ta buɗe rassa. Da rana tsaka aka ɗauko tabarma aka shimfiɗa. Mahauci da malamin makaranta suka tsuguna suna duba gefe-gefe a matsayin shaidu. Kusurwa ɗaya ta leƙo rana. Tsoho ya sa ƙafa ya lanƙwashe ta, ya zauna, ya ce rantsuwa ta cika. Sannan ya kafa doka: daga yau ruwa zalla za a ba ta, a kuma ɗauke masa rediyon nan.

Mai Rediyo ya ga bai kamata ilimi irin wannan ya tsaya a layi ɗaya ba. Ya cika galan da Ƙarfi, ya nufi bayan gari wurin mai lambun da ke renon dashe, don ya koya masa sana'arsa. Mai lambu ya shinshina galan, ya kawar da kai, ya ƙura wa baƙon ido.

"Kai ne ɗan Tsohon Direba? Kamar an tsaga kara."

Ya ja shi bayan rumfa, ya nuna masa busassun darbejiyoyi goma sha ɗaya jingine da bango, a jere daga ƙarama zuwa babba.

"Gaishe min da Baba. Duk Alhamis sai ya zo da mai baro, ya kawo min gawa ya ɗauki wadda ta fi ta tsawo. Ka gaya masa kada wannan ta mutu, don wadda ta fi ta girma sai dai a turo mota."