Baba a Bayan Keke

Tun da aka ware hanyar ƙauyukanmu don masu yawon buɗe ido, ko babur ba ya hawanta, sai keke. Kuma in baƙi za su wuce, dole kowa ya ɗaga musu hannu, ko a hana ƙauyen wanda ya ƙi bin hanyar har kaka.

Baba ya cika da hantsi a asibitin gari. Na zaunar da shi a bayan keke, na ɗaure shi a jikina da rawaninsa, don a sallace shi a gida kafin la'asar.

A gindin tsamiya Mantau mai gadin hanya ya tare ni.

"Ga baƙi nan tafe, Sallau. Malam ya ɗaga hannu."

"Malam ya rasu, Mantau."

Ya yi salati ƙasa-ƙasa, ya dubi kyamarar da aka kafa a kan sanda don kama wanda bai ɗaga hannu ba. "Ita mutum biyu take gani."

Na laluba baya na kama hannun Baba, har ya fara sandarewa. Na ɗaga shi.

Wata baƙuwa ta rage gudu tana murmushi, ta ce da Hausarta ta 'yan koyo, "Sannu Baba, ina gajiya?"