Rukunin Ƙawaye

Tun da aka mayar da zumunci cikin waya, kowa na da shafinsa: Dangi, Maƙwabta, Ƙawaye, da sunayen rayayyu a ƙarƙashin kowanne. Ranar da aka binne Gambo, ƙawata ta ƙarshe, har kalmar Ƙawaye ta ɓace daga shafina.

Na sami ma'aikaciyar ofishin rajista.

"'Yata, mayar mini da kalmar, ko da babu kowa ƙarƙashinta."

"Hajiya, rukunin da ba kowa ba ya fitowa. Wai don kada ran mutum ya ɓaci."

"Wa ya tambayi raina?"

Ta juyo mini da allon. Ƙarƙashin Maƙwabta saura suna ɗaya: Malam Tanimu, mai tarin nan.

Na biya kasuwa na sayo masa zuma.