Zumar Bakin Wadi

Barira ta matso da kujerar direba gaba har sau biyu kafin ƙafarta ta kai birki. Motar mijinta ce, Shu'aibu, kuma tsayinsa ba nata ba ne.

Jiya Alhamis ya tashi zuwa Kano duba mahaifiyarsa. A bakin ƙofa ya miƙa mata makulli ya ce, "Kasuwa da gidan ƙawarki Sabuwa kawai, kin ji ko? Lasin naki ko wata uku bai yi ba." Ta ce to, idonta a ƙasa.

Shekara biyu ke nan tana kallon hoton wurin nan a jikin kalandar kicin ɗinsu na unguwar Al Qusais, a ƙasar Larabawa: wani wadi can cikin duwatsun Fujairah, kwazazzabo mai zurfi da ruwa kore kwance a gindinsa. Sau uku ta roƙe shi ya kai ta. Duk lokacin dariya yake yi. "Dutse ne fa, Barira. Mu da muka baro Dala da Gwauron Dutse? Bari in samu hutu, inshallah." Hutun bai taɓa zuwa ba. Ko Juma'a, da kowa ke kwance, sau ɗaya a wata sai an kira shi sito a Al Warsan. Ya fita da asuba, ya dawo da yamma takalminsa buɗu-buɗu, ya yi wanka ya ci tuwo kwano biyu.

Wannan ne yake cin ranta tun da ta tayar da motar. Mutum yana kashe kansa da aiki, ita kuma daga juya bayansa ta kama yawon duwatsu.

Ta danna na'urar nuna hanya. Rubutun Turanci yana ba ta wuya, amma harafi biyu kacal ta saka sunan wurin ya fito da kansa. Ta yi hamdala.

Dogayen benaye suka ƙare, yashi ya fara, yashin ma ya ƙare. Bayan garin Masafi duwatsu suka taso baƙaƙe ta dama da hagu. Kowace mota ta wuce sai ta ga kamar wani ɗan Kano ne a ciki, wanda zai buga waya gida kafin azahar.

A inda kwalta ta ƙare akwai rumfar wani tsoho mai sayar da zuma. Tun daga nesa ya miƙe yana ɗaga wa motar hannu, bakinsa har kunne. Da ta matso ya leƙo, sai hannun ya tsaya a sama. Ya dubi lambar motar, ya dube ta, ya koma ya zauna. Ta gyara mayafi. Wato shi ma ya ga mace ita kaɗai, bai dace ba.

Ta ajiye motar ta gangara da ƙafa. Bangon dutse ya rufe rabin sama, iska ta yi sanyi, babu ƙarar komai sai ta tsakuwa a ƙarƙashin silifas ɗinta. Ruwan yana nan, kore, kamar na kalanda. Ta cire safa ta tsoma ƙafa. Ƙananan kifaye suka zo suna taɓa mata yatsu. Ba ta san sanda ta yi dariya ba, dutsen kuwa ya maido mata da dariyar.

Nan wayarta ta yi ƙara. Shu'aibu ne.

"Uwargida ran gida. Kina ina?"

"Ina gida, Yaya. Shinkafa nake tsincewa."

Dutsen ya maimaita, a hankali: tsincewa.

"Kicin ɗin namu ya ƙara faɗi ke nan," in ji Shu'aibu. "Hajiya na gaishe ki."

Tun da aka ɗaura musu aure ba ta taɓa yi masa ƙarya ba sai yau. Ta fitar da ƙafarta daga ruwan. Ta yi azahar a kan wani faffaɗan dutse, ta daɗe tana istigfari, amma ko a cikin istigfarin idonta na satar kallon ruwan.

A hanyar fita ƙafarta ta taka birki a gaban rumfar tsohon kafin ta yi tunani. A gidansu ba a dawowa daga tafiya hannu rabbana. Ko ƙauyen kusa mutum ya je sai ya riƙo tsaraba. Tun kafin ta tambaya tsohon ya ɗauko kwalba guda, bakinta ɗaure da koren ƙyalle, ya yi wata doguwar magana da Larabci yana nuna motar. "Salam" kaɗai ta tsinta a ciki.

Sai da ta shigo Al Qusais da la'asar sannan abin ya faɗo mata. Wa za ta ba? Tsarabar inda ba ta je ba? Ta wanke tayoyi, ta kakkaɓe tabarmin mota, ta mayar da kujerar baya har sau biyu. Saura kwalbar. Zubar da zuma alhaki ne. Kai wa Sabuwa kuwa, gara ta yi shela a masallaci.

Ta tsaya tsakiyar kicin tana dube-dube. Can saman kabad, sama da kalandar, akwai wani lungu da hannunta bai taɓa kaiwa ba, ko wajen shara. Ta jawo kujera ta hau, ta tura kwalbar ciki.

Wani abu ya yi ƙaras.

Ta ɗaga dunduniya ta leƙa: kwalabe tara ne a jere, ba a buɗe ko ɗaya ba, kowacce bakinta ɗaure da koren ƙyalle.