Baƙo Daga Fadar Arewa

Ina yanka kabejin da zan ajiye don hunturu, sai wani baƙo ya shigo, ko ƙwanƙwasa ƙofa bai yi ba. Dogo ne, takalmansa duk taɓo. Ya ce sunansa Baron Holmsted, uwar sarkin ƙasar arewa ce ta aiko shi.

"Ke ce Walburga, wadda ta shayar da sarauniyarmu?"

Na ce ni ce. Shekara biyu ke nan da aka kai musu amarya daga gidan maigidanmu, mai sarautar wannan yanki. Na raka ta har bakin iyaka. A nan aka tuɓe mata duk abin da ta zo da shi, har safa, aka sa mata nasu, mu 'yan rakiya aka ce mu juya. Haka ake yi. Duk wanda ya san amarya ba ya haye iyakar.

Ya ciro ƙaramin zanen fuskar Gimbiya Ottilie, 'yar maigidanmu, wanda aka aika musu lokacin neman aure.

"Iya, ba ta yi kama da wannan ba."

"Ranka ya daɗe, wace amarya ce ta taɓa kama da zanenta? Mai zanen nan ko ni ya zana, sai ka nemi aurena."

Bai yi dariya ba. Ya ce an ga sarauniya tana gyara wa mai tatsar saniya zama. In babba ya shigo ɗaki, ita ke fara miƙewa. Uwar sarki tana son jin dalili, kuma in aka sami ha'inci, kan yarinyar za a fara sarewa.

"Tare suka tashi da 'yata Trude," na ce, "nono ɗaya suka sha. Abin da ɗaya ta iya, ɗayar ma ta iya."

"Ina Truden?"

Na wanke hannu na kai shi bayan coci. Ya karanta sunan a kan dutsen kabari, ya karanta ranar.

"Mako uku kafin biki."

"Zazzaɓi ne. Kwana huɗu ta yi."

Ya shafa dutsen. Farin marmara ne, irin wanda ba a sa wa 'ya'yan masu aiki. Ya taɓa furannin da ke kan kabarin da tsinin sandarsa, ya tambayi mai kawo su.

"Maigidanmu. Duk Lahadi. Mutum ne mai tausayi."

"Mai tausayi ƙwarai," in ji shi, yana kallona.

Ban shirya kuka ba, shi ya zo da kansa. Na durƙusa a kan ciyawa, na kasa tashi. Ya daɗe a tsaye a kaina, sannan ya mayar da zanen aljihu.

"Na ga kukan ƙarya da yawa a fada. Wannan ba shi ba ne." Ya ce sarauniya ta haifi ɗa namiji watan jiya, shi ne magaji, kuma zai koma ya ce bai ga komai ba. "Akwai saƙo?"

"Ka ce mata ta daina miƙewa. Sarauniya ce."

Gaskiyarsa, kukan ba na ƙarya ba ne. Ni na shayar da Ottilie, ni na yi mata wankan ƙarshe kafin mu kwantar da ita ƙarƙashin sunan 'yata. Sai da keken dokinsa ya sha kwana na tuna ban tambaye shi sunan jikana ba.